Yadda Ake Tallafa wa Ƙaramin Yaro Mai Nauyin Baki ko Alamun Galahanga Tun Daga Gida

Wannan bayani na iyayen da hankalinsu ya fara ƙin kwanciya da ɗansu ne. An yaye shi har yanzu shiru, ko kuwa yana jin ƙarar ledar biskit daga uwar ɗaka amma a kira sunansa sau goma bai waiwayo ba. Na daɗe ina zama da iyaye mata a kan tabarma muna wannan aiki, kuma abin da zan kawo shi ne abin da nake fara koya wa kowace uwa. Da uwa zan riƙa magana don ita ke wuni da yaron, amma maigida ma da shi nake. Duk inda na ce yaro, har da yarinya.

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa, kuma gado yana da hannu sosai a ciki. Ta fuska biyu take bayyana: wahalar cuɗanya da isar da saƙo, da kuma nacewa a kan abu ɗaya, kamar jera takalma, juya tayar motar wasa, ko kaɗa hannuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi gano ta a maza. Babu allura ko jiƙon da ke cire ta. Amma kallon mutum, nuni, roƙo, jira, cin abinci da kai, duk ana koyar da su, kuma a shekarun farko ƙwaƙwalwa ta fi karɓa. Wani yaron kuma jinkirin girma ne kawai gare shi, ko matsalar ji. Aikin gida da zan bayyana yana amfanar dukansu, kuma ba ya cutar da wanda daga baya aka ga lafiyarsa ƙalau. Don haka ba sai kin jira an raɗa wa larurar suna ba.

Kayan da za ki tanada

Ƙaramin littafin rubutu da biro. In ba kya rubutu, ki riƙa ɗaukar muryarki a waya kina faɗin ranar.

Waya mai ɗaukar bidiyo, ko da ta aro ce.

Katin awo da na rigakafi, da duk wata takardar asibiti tun daga haihuwa.

Tabarma guda da za a ware wa wasa, a kusurwar da babu rediyo babu talabijin.

Kayan wasa bibbiyu: kofi biyu, ludayi biyu, gwangwanin madara biyu da aka daddale bakinsu, ƙwallo, 'yar tsana. Bibbiyun nan da dalili, za ki gani a gaba. Ba sai kin je kanti ba. Ki guji duk abin da zai shige baki, irin su marfin kwalba, wake da tsakuwa.

Roba mai murfi mai tauri wadda ake hango abin da ke ciki.

Ruwan sabulu da karan ganyen gwanda na hura kumfa. In babu gwanda, bututun biro ya wadatar.

Kwali, almakashi da gam, don hotuna.

Mataki na 1: Mako guda na lura

Kafin ki canza komai, ki yi kwana bakwai kina kallo kina rubutawa. Iyaye da yawa suna shiga wurin likita da jimla ɗaya, "ba ya magana", shi kuma layi na jiransa a waje, sai ya ce a dawo bayan wata shida. Wadda ta zo da rubutu da bidiyo ba a cika sallamarta haka ba.

Ga ma'auni. Yawancin yara a wata 9 suna zama ba tallafi, suna waiwayowa in an kira sunansu, suna gwarancin "bababa". A wata 12 suna ɗaga hannu su yi bai-bai, su dafa abu su miƙe. A wata 18 suna tafiya ba riƙo, suna da kalma uku ko fiye ban da Mama da Baba, kuma suna nuna abu da yatsa don ke ma ki gani. A shekara 2 suna haɗa kalma biyu, kamar "Baba tafi". A shekara 3 baƙo yana gane mafi yawan maganarsu. In bakwaini ne, ki riƙa cire makonnin da ya rage a ciki daga lissafin har ya shekara 2.

Nunin nan da yatsa, ki sa masa ido fiye da yawan kalmomi. Yaron da ya ji jirgi ya nuna sama, ya juyo ya dube ki yana dariya, yana raba abin da ya gani da ke ne, ko da bai iya cewa jirgi ba. Wanda kuma ya kama hannunki ya ja ki zuwa randa, ya ɗora hannun a kan murfi bai dubi fuskarki ba, ruwa yake so, amma hannunki kawai ya nema. Na biyun ne ya fi bukatar a duba.

Ki gwada kiran sunansa daga baya a lokuta daban-daban, ki rubuta sau nawa ya juyo. Ki ɗauki gajerun bidiyo uku na minti ɗaiɗai: yana wasa shi kaɗai, ana kiransa, da lokacin da ransa ya ɓaci. Sannan ki ware shafi guda ki jera duk abin da yake so, ko da ruwan famfo ne ko yaga takarda. Wannan shafin da shi za mu yi aiki.

Abu uku ba a jira mako a kansu: yaron da ya iya wata kalma ko wani abu sannan ya daina, wanda yake sanƙarewa ko ya ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci, da wanda jikinsa ya saki laƙwas ko ya ƙage. Wannan asibiti ne gobe da safe.

Mataki na 2: A gwada ji, a ga likitan yara

Duk yaron da magana ta makara masa, a fara da kunne. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani a makon haihuwa da ciwon kunne mai ruwa duk suna rage ji. Kada ki dogara da tafa hannu a bayansa, domin yana iya ganin inuwarki ko ya ji iskar tafin, kuma wani yana jin ƙara mai ƙarfi amma sautin magana ba ya isa gare shi daidai. Akwai na'urar da ake sa wa a kunne ko yaro yana barci. Ana samun gwajin a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, kuma a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa.

Daga nan sai likitan yara. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato da Maiduguri suna da sashen yara, haka manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. In aka tura ku asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna ko na Kware, kada sunan ya firgita ku, ba hauka aka ce yaron yana yi ba. In kuna nesa, ku fara da asibitin da ke kusa ku nemi takardar turawa. Akwai wasu tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT, na yara 'yan wata 16 zuwa 30, waɗanda uwa ke amsawa da e ko a'a. Suna nuna wanda ya kamata a zurfafa bincike a kansa ne kawai, ba su yanke hukunci.

Ki gaya wa likita komai: doguwar naƙuda, ko bai yi kuka da wuri ba, zazzaɓin da ya taɓa sa shi jijjiga, sikila, ko akwai mai irin wannan a dangi. Ki nemi a duba jininsa da nauyinsa, domin ƙarancin jini da tamowa suna jawo jinkiri kuma suna da magani. In kuna yankin da ake haƙar zinariya, ki ambaci dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma kaɗan ɗinta ma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Wani kwallin dutse ma akwai dalma a cikinsa, gara a daina sa wa jarirai.

Kura-kuran da aka fi yi a wannan gaɓa uku ne. Na farko, "babansa ma sai da ya shekara huɗu", a zauna. Wataƙila haka ne, amma gwaji bai rage komai ba. Na biyu, a kai wa wanzami ya yanke linzami. Yaron da ba ya nuni, ba ya amsa suna, matsalarsa ba a ƙarƙashin harshe take ba, sai dai a jawo masa zubar jini da tsoron a taɓa masa baki. Na uku, a ɗora wa rigakafi laifi. Takardar da ta fara wannan zargi a Ingila a 1998 an janye ta a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagoranci rubuta ta, sannan wani bincike a Denmak kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba. Alamun galahanga suna fitowa ne a shekarun da ake allurai, shi ya sa ake haɗa su. Addu'a kuwa a yi ta yi, a tofa masa safe da yamma. Abin da ban yarda da shi ba shi ne turnuƙe yaro da hayaƙi, tsaga, ɗauri, ko dukan sa da sunan fitar da iska.

Mataki na 3: Tsare gida, rage waya

Yawancin waɗannan yara ba su san haɗari ba, kuma da yawa suna son ruwa. A yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, a kife baho da bokiti in an gama, a sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai. Da damina a kula da kududdufi. Ki sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi cewa in sun gan shi shi kaɗai su riƙe shi, domin ba zai amsa kira ba. In ya taɓa ficewa, ki ɗinka lambar wayar babansa a cikin rigarsa. Ranar da aka neme shi aka rasa, wurin ruwa za a fara dubawa.

Waya ba ita ke kawo galahanga ba, amma tana cinye lokacin da ya kamata ya yi da mutane. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a wuni. In ya riga ya saba, kada ki fizge rana ɗaya. Ki fara cire ta a lokacin cin abinci da kafin barci, sauran ki riƙa ragewa.

Mataki na 4: Zama gaba da gaba

Ki ware minti 10, sau uku a wuni, lokacin da ya ƙoshi kuma ba ya jin barci. Bayan karin safe, bayan la'asar, da bayan wanka sun fi dacewa da yawancin gidaje. Ki zauna a tabarma daidai tsayinsa, fuskarki a gabansa. Goyo yana da daɗi kuma yana kwantar da shi, amma a baya ba ya ganin bakinki.

A kwanakin farko kada ki koya masa komai. Abin da yake yi shi za ki yi. In yana buga ludayi a gwangwani, ki ɗauki naki ludayin ki buga naki gwangwanin. Ya tsaya, ki tsaya. Ya buga biyu, ki buga biyu. Amfanin bibbiyu ke nan: ba sai kin ƙwace nasa ba. Wata rana zai tsaya da gangan ya saci kallonki ya ga ko za ki tsaya. To wasan ya zama na mutum biyu, kuma daga nan ake gina sauran. In yana jera takalma, ki miƙa masa na gaba maimakon ki watsa layin. In kayan wasa ba su dame shi ba, ki koma wasan jiki: cakulkuli, sukuwa a gwiwa, lilo a zani ku biyu kuna riƙe da bakinsa, leƙe ta bayan mayafi.

Kada ki kama haɓarsa ki ce "kalle ni". Ga wasu yaran haɗa ido nauyi ne. Ki ɗago abin da yake so kusa da fuskarki, kallon zai zo da kansa, kuma ko na ƙiftawa ɗaya ne ya isa.

A nan al'ada takan shigo. Gidaje da yawa har yau uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Wannan kunya ba ita ta jawo larurar ba. Sai dai sauran yara suna tsintar magana a tsakar gida, shi kuwa wannan sai an kawo masa har gabansa. Ki shiga ɗaki ki saki labule ki yi abinki. In hakan ma ya gagara, a ɗora wa kaka, ko gwaggo, ko yayarsa mai hankali, amma mutum ɗaya tsayayye da zai riƙa yi kullum. Sannan batun suna: yaron da aka yi wa mai sunan kaka, uwa na ce masa Abba, kaka na cewa Maigida, yayye na kiran sunan yanka. A zauna a zaɓi ɗaya, kowa ya riƙe shi na 'yan watanni.

Mataki na 5: Ba shi dalilin neman ki, sannan ki jira

Uwa ta san ɗanta. Kafin ya motsa ta miƙo ruwa, kafin ya yi ƙorafi ta ɓare masa ayaba. Ƙauna ce, amma yaron da ake biya wa bukata kafin ya nema ba shi da dalilin nema. Aikin wannan mataki shi ne ki bar ɗan gurbi.

Mu ɗauki kumfa. Ki tsoma karan gwanda ki hura, kumfa ta tashi ya bi yana fasawa. Ki sake sau biyu ko uku, kowane karo ki ce "fuu". A karo na gaba ki kai karan bakinki, ki cika kumatu, ki buɗe ido, ki tsaya cak. Ki ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci, bakinki a rufe. Zai dubi karan. Wataƙila idonsa ya zame zuwa fuskarki, ko ya tura hannunki, ko ya ce "uu". Ko wanne ya yi, nan take ki hura ki ce "fuu!" Abin da ya koya shi ne in ya yi wani abu gare ki, abu yana faruwa. Jiran nan shi ne ya fi wa iyaye wuya. Daƙiƙa uku ake yi uwa ta cike shirun da "kana so? in hura? ce fuu mana", yaron kuma da ya fara haɗa amsa sai ta warware masa.

Haka za ki yi da komai na shafin nan da kika rubuta. Ƙuli-ƙuli ko biskit a cikin roba mai tauri, ki miƙa masa a rufe, ya dawo miki da ita ki ce "buɗe". Lemo ɓare ɗaya maimakon duka. Lilo ya yi daɗi ki tsayar. Waƙar rainon da ya saba ji, ki rera ki yanke kafin kalmar ƙarshe. Ki riƙe kofi a hannu ɗaya, ayaba a ɗaya, ki ce "ruwa? ayaba?" ya zaɓa da ido ko da hannu.

In kin ƙirga goma bai yi komai ba, ki kama hannunsa a hankali ki taɓa robar da shi, ki faɗi kalmar, ki ba shi. Gobe ki rage taimakon. Kada ki mayar da abin azaba: ba a hana yaro ruwa ko abincinsa sai ya yi magana, kuma in ya kai ga kuka kin ja da yawa, ki rage jiran. In ya saba da kallo, sai ki ɗan jira nuni. In ya saba da nuni, ki jira sauti.

Mataki na 6: Gajarta bakinki

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ki fi shi da kalma ɗaya. In ba ya magana, ki yi da kalma ɗaiɗai: "ruwa", "zo", "buɗe", "ƙare". In yana faɗin ɗaya, ki mayar masa da biyu. Ya ce "mota", ki ce "mota tafi". Ki riƙa faɗin sunan abin da idonsa ke kai a lokacin, ba abin da ke kike so ya duba ba. Wanka, sa riga, cin tuwo, duk darasi ne, don kullum ana yin su kuma kalmominsu ba sa canzawa.

Ki rage tambaya. "Mene ne wannan? Ce Baba. Ina hancinka?" jarrabawa ce, kuma baƙi sun fi kowa yin ta. In ya ce "uwa" yana nufin ruwa, kada ki ce ba haka ba ne. Ki ce "ruwa" daidai ki ba shi. Wanda ke maimaita abin da aka faɗa, a ce "kana son shayi?" ya ce "kana son shayi", ki ba shi jimlar da zai ara ta yi masa aiki: ki riƙe kofin ki ce "ba ni shayi".

Za a ce miki harshe biyu ne ya rikita shi, a daina Hausa ko Fulatanci a koma Turanci. Harshe biyu ba ya jawo wannan larura. Ki yi masa harshen da ya fi zama a bakinki, wanda kakanninsa ma za su iya yi da shi.

Mataki na 7: In magana ta ƙi zuwa

Wasu za su daɗe, wasu ƙalilan ba za su yi magana da baki sosai ba. Duk da haka sai an ba su hanyar faɗin bukata. Ki zaɓi alamun hannu uku zuwa biyar, kamar ci, sha, ƙari, an gama, gida duka a riƙa yin su tare da faɗin kalmar. Ko ki ɗauki hoton kofinsa, abincinsa da ƙofar waje, a wanke a shago, ki manna a kwali. Da farko mutum biyu ake bukata: ke kina riƙe da abin a gabansa, wani a bayansa yana kama hannunsa ya ɗauki hoton ya sa a tafinki, ba tare da na bayan ya ce uffan ba. In babu halin wanke hoto, ledar biskit ɗin kanta ko kofin da ba komai ya zama alamar. Tsoron da ake yi cewa hoto ko alama za su sa ya ƙi magana ba shi da tushe. Sau da yawa ma su ke janyo ta.

In akwai mai koyar da magana ko mai gashin ƙashi a asibitinku, ku je, amma ki shiga ɗakin ki ga abin da ake yi ki maimaita a gida, don zaman sati-sati shi kaɗai ba ya isa. Mai intanet da Turanci kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussa kyauta na horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma.

Mataki na 8: Tsarin wuni da ayyukan kai

Ki sa wuninsa ya bi layi ɗaya, lokutan salla su zame miki agogo. Kafin a canza aiki ki sanar da shi: ki nuna masa soso kafin wanka, takalmi kafin fita. Koyon sa wando kuwa daga ƙarshe ake farawa. Ki sa masa har gwiwa da cinya, ki bar masa jan ƙarshe zuwa ƙugu, ki yaba. In ya iya, ki bar masa daga gwiwa. Haka cin abinci da cokali, haka wanke hannu. Bayan gida kuma ki ɗora shi a fo a lokuta tsayayyu, musamman bayan cin abinci, minti kaɗan, ba faɗa in ya ɓata wando.

Mataki na 9: Kuka, birgima da cizo

Duk lokacin da abin ya faru ki rubuta abu biyu: me ya faru daf da shi, kuma me aka yi masa bayansa. Cikin mako biyu za ki ga zaren. Galibi ɗayan huɗu ne: yana son wani abu, yana gudun wani abu, yana neman hankalinki, ko jikinsa ne ba daɗi. Na ƙarshen nan ana yawan mantawa da shi. Yaron da ba ya magana ba zai ce haƙori ko kunne ko taurin bayan gida na damunsa ba, sai dai ya buga kai. In hali ya canza kwatsam, a fara duba jiki.

In don biskit yake birgima kuma birgimar na kawo biskit, kin koya masa birgima. Ki koya masa alamar roƙo a lokacin da yake cikin natsuwa, ki riƙa amsa ta da sauri. In kuwa ƙara ce ta cika masa kai, injin markaɗe, janareta, lasifikar biki, to ba taɓara ba ce. Ki fitar da shi wuri shiru, ki rage magana, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki zauna kusa. Aski da kitso a yi su guntu-guntu a gida, da almakashi in ƙarar inji ce matsalar. Kaɗa hannu ko jujjuyawa da ba sa cutar da kowa, ki ƙyale shi, da su yake kwantar da kansa.

Duka ba ya aiki a nan. Bai gane laifin ba, abin da zai ɗauka kawai shi ne hannu na dukan mutum, kuma zai gwada a kan ƙaninsa.

Mataki na 10: Ci da barci

Mai zaɓen abinci, ki sa ɗan loma na sabon abu a gefen wanda ya saba, kullum, ba tilas. Ya taɓa ko ya sansana ma ci gaba ne. Ɗura haɗari ce, kunu na iya bi ta hanyar numfashi. Mai cin ƙasa ko gawayi a gwada jininsa. Barci kuma a tsayar da lokaci da jerin abubuwa iri ɗaya kowane dare. Kada a sayo maganin mura ko na tari a kemis don ya yi barci. In rashin barcin ya yi tsanani, likita za a gaya wa.

Mataki na 11: Mutanen gida, makaranta, da waiwaye

Maigida, minti goma bayan magariba a kan tabarmar nan naka ne, kuma kai ne za ka tare maganganun dangi. In aka fara cewa daga wajen uwa ne, ko hannun kishiya ne, ko ɗan ruwa ne, bakinka ya fi nata tasiri. Ka kuma samar mata wanda zai karɓe ta ko na awa biyu a mako, domin wadda ba ta yi barci ba ba ta iya jiran ƙirga goma. Yayye a koya musu abu biyu kawai, su kwaikwaye shi kuma su jira shi. A hana kiran sa dolo ko gaula, ko da wasa. Kada a ɓoye shi a ɗaki in an yi baƙi.

Makaranta, ki je da kanki ki zauna a ajin. Ƙaramin aji da malama mai haƙuri ya fi ginin bene mai tsada. Ki tambaya kai tsaye ko ana duka. Islamiyya da makarantar allo ma haka, a yi wa malam bayani tun ranar farko, a fara da rabin awa tare da yayansa. A Najeriya dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu kamar kowa.

Bayan wata uku ki sake ɗaukar bidiyo uku irin na farko ki gwada su. Kada ki ƙirga kalmomi kaɗai. Ki duba ko yana juyowa ga sunansa fiye da da, ko yana kawo miki abu, ko wasanku ya ƙara tsawo, ko birgima ta ragu. In babu motsi ko kaɗan, ko ya koma baya, ki koma wa likita da littafin da bidiyon duka. Ki kuma buɗe wa ƙaninsa shafi a littafin. Bincike ya nuna kusan 1 cikin 5 na ƙannen yaro mai galahanga su ma sukan zo da ita, don haka a wata 9 ki gwada kiran sunan jaririn, a wata 18 ki duba nuninsa, kuma ki nemi a yi masa tambayoyin M-CHAT ko da kin ga kamar lafiya lau.